Malam Dunƙule da Wayar Auta

Akwai waɗanda Allah ya ba ido, akwai waɗanda ya ba gani. Shugaban Sashen Sauƙaƙa Aiki na kamfaninmu an haɗa masa duka biyun, aka ƙara masa da maka, wato alƙalamin zane a allo, kala-kala a aljihun gaba. Idan ka nuna masa kujerar da ƙafarta ta karye, ba kujera yake gani ba. Yana ganin kafintan da ya haɗa ta, da dajin da aka saro itacen, da nauyin wanda ya zauna a kai, da abin da aka ciyar da shi har ya yi wannan nauyin. Kafin ya gama gani kai ka gaji da tsayuwa ka zauna a ƙasa. Sai ya nuna ka da maka ya ce, ka ga tsari ya daidaita kansa.

Ba ya iya yin jimla biyu bai ce "a dunƙule" ba. A kalli matsala a dunƙule, a kalli kamfani a dunƙule, ko ruwa ne ya ɗauke a banɗaki, a dunƙule za a kalle shi. Shi ya sa muke kiran sa Malam Dunƙule. Ya ji sunan, ya ji daɗi, ya ɗauka lambar girma ce.

Kamfaninmu manhaja yake yi wa masu shaguna, irin wadda ke gaya wa mai shago kayan da suka rage masa, ta kuma buga wa mai saye rasit. Kafin zuwan Malam Dunƙule aikin ya cukurkuɗe, wannan ba ƙarya ba ne. Idan mai shago ya roƙi a ƙara wa rubutu girma saboda idonsa, sai wani ya rubuta gyaran, wata ta duba, wani ya gwada, wani ya amince da gwajin, a yi taro a kan amincewar, sannan a jira ranar da ake sakin aiki. Kafin nan mai shagon ya sayi tabarau. Mai kamfani ya gaji, ya ɗauko mana gwani.

Ranar da ya zo ya faɗi magana mai kyau. Ya ce ba wani mutum ɗaya ne ke jawo jinkiri ba, a tsakanin mutane jinkirin yake kwana, wurin da wannan ya ajiye aiki wancan bai ɗauka ba. Kowa ya gyaɗa kai. Har yau ina ganin gaskiya ya faɗa. Da a nan ya tsaya ya sha shayi ya tafi, da yanzu hotonsa na rataye a ofis.

Bai tsaya ba. Ya karɓe dogon bangon ɗakin shan shayi, aka mayar da butar lantarki ƙarƙashin matakala, ya kama zane. Kowane ma'aikaci ya zama akwati, kowace magana ta zama kibiya. Kibiyoyi suka fita suka zagaya suka dawo suka soki inda suka fito, shi kuma ya ce wannan shi ne kyan abin. Ya faro daga ƙofa yana zane yana ja da baya, har ya iso taga, bango ya ƙare. Masu shaguna ne suka rage ba a zana ba. Ya dubi tagar ya ce babu laifi, ga su can waje, kamar yadda suke a zahiri. Ni aikina amsa wayar masu shaguna idan sun kira da ƙorafi, don haka teburina ma ya faɗa ta tagar tare da su.

Daga nan sauƙi ya fara sauka. Don a rage tarurruka, ya kafa taron rage tarurruka, kowane mako. Don kada mutane su riƙa yawo suna neman izini a wurare da yawa, ya tattara duk kalmomin sirri na na'urorin kamfani a hannunsa, ƙofa ta zama ɗaya. Mai riƙe da ƙofar kuma kullum yana taron rage tarurruka.

"Ƙaramin tunani shi ke gyara abin da ya lalace," in ji shi. "Babban tunani tambaya yake yi: wa ya ce mana lalacewa ce?"

Aminiyata ita ce mai duba rubutun manhaja kafin ya wuce wurin gwaji. A ofis Sake-Duba ake ce mata, saboda kalmomin nan biyu su ne rabin abin da take rubuta wa mutane. A gida kuwa Auta ce. A layi ɗaya muka tashi. Ita ta yi gaba da karatu, ni na tsaya a sakandare, kuma ita ta kawo ni kamfanin, ta ce bakina ya isa ya lallashi mai shagon da ya fi kowa fushi. Ba waliyyiya ba ce. Tana da jinkiri, tana da taurin kai. Takan mayar wa mutum aikin mako guda saboda abin da ko a mafarki ba zai lura da shi ba, sannan ta zo teburinsa ta cinye masa biskit tana dariya. Kowa ya taɓa fushi da ita, har ni. Yau da za a ce ta dawo ta ɓata mini rai sau ɗaya tak, da na gode wa Allah.

Malam Dunƙule ya duba bangonsa ya ga kibiyoyi sun taru a kan akwatinta. Ya zagaye shi da jar maka, ya raɗa masa suna maƙogwaron tsari. Auta ta ce masa aikin ne ya yi wa mutum ɗaya yawa, a ƙaro mata mai taya ta. Ya ce wannan tunanin ɓangare ne. Maganin da ya kawo shi ne kira: duk aikin da ya kwana a gabanta, da safe na'ura za ta kira wayarta ta tuna mata. An gwada muryoyi da dama, ya saurara da idonsa a rufe, ya ce babu wadda ke ɗauke da nauyin saƙon. Dole ta sa ya sadaukar da tasa.

Ga abin da muryar ke cewa, na haddace shi ba da so na ba:

"Barka da safiya, abokiyar tafiya. Kamfani jiki ɗaya ne, kuma a safiyar nan ke ce gaɓar da ta sage. Aiki yana jiran ki. Idan kin amince da shi, danna ɗaya. Idan kin mayar da shi, danna biyu. Idan kina son ƙarin bayani a kan matsayinki a cikin babban zane, ci gaba da sauraro."

Idan aka kashe ba a danna komai ba, sai ta sake kira. Auta ta toshe lambar. Malam Dunƙule ya yi farin ciki ƙwarai, ya ce tsari ya mayar da martani, ya sa aka gyara na'urar ta riƙa kira da sabuwar lamba kowane lokaci. A duk abubuwan da ya gina mana, wannan kaɗai ne bai taɓa lalacewa ba. Auta takan jefa wayar a durowa, ta toshe hancinta da yatsu biyu ta kwaikwayi muryar, har mai gwaji ya shaƙe da shayi.

Ciwonta bai daɗe ba. Ciwon kai ta ce tana yi, ta tashi da wuri, ta bar silifas ɗinta ƙarƙashin tebur da rigar sanyinta a bayan kujera. Aka kwantar da ita asibiti. Ba ta dawo ta ɗauke su ba. Na daɗe ina zagayawa ta bayan masu gwaji don kada in bi ta gaban kujerar. Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta.

Malam Dunƙule ya je gaisuwa, a ba shi wannan. Ya shiga ɗakin Inna, mahaifiyar Auta, ya zauna a kujerar da ta fi kyau, ya yi bayani. Ya ce rashi ba faruwa ba ce guda ɗaya, sakamako ne na abubuwa masu yawa da suka daɗe suna tura juna. Ya ce iyali ma tsari ne, kuma tsari mai ƙarfi yakan sake rarraba nauyinsa. Inna ta yi godiya ta sa masa albarka. Da ya fita ta tambaye ni ko likita ne.

Wayar Auta a hannun Inna ta zauna. Da lambar ce asibiti ke kiran Inna zuwa ganin likita saboda hawan jininta, ita ce 'yan'uwa na nesa suka sani, kuma a ciki akwai saƙonnin murya da Auta ke tura wa mutane, waɗanda Inna ke sa jikokinta su kunna mata. Yayan Auta ya ce a cire layin a huta. Inna ta ce ba za a kashe mata ita sau biyu ba.

Ana cikin kwanakin gaisuwa wayar ta fara ƙara da safe. Inna ta ɗauka tana zaton mai ta'aziyya ne. Wani mutum mai kakkaurar murya ya gaishe da 'yarta, ya gaya mata ita ce gaɓar da ta sage. Inna ta kashe. Ya sake kira. Gobe ma haka, jibi ma haka, wata safiyar sau da yawa a jere, gwargwadon aikin da ya kwana. Ba ta kai ƙarar kowa ba. Ni ta kira, ta ce, 'yar nan, ko mutanen wurin aikinku ba su ji labari ba ne?

Na je ofishinsa. Na same shi tsaye yana kallon bango da hannu a haɓa, kamar mai jiran wani abu ya fito daga ciki.

"Ranka ya daɗe, sunanta kawai za a cire. Tsohuwar ba ta samun barcin safe."

"Kin ce kawai," ya ce, ya juyo a hankali. "Kin san kamfanoni nawa kalmar nan ta kai ƙasa?"

Ya ja ni gaban akwatin Auta, ya nuna mini kibiyoyin da ke shiga da waɗanda ke fita. Ya ce idan aka zare wannan akwatin ba tare da nazari ba, kibiyoyin nan za su rasa inda za su soka, kuma kibiyar da ba ta da masauki ita ce asalin kowane rikici. Ya ce ya fi kowa jin zafin Inna, domin shi yana jin sa ne a dunƙule. Na je wurin mai kula da na'urori a ɓoye. Ya ce aikin minti kaɗan ne, amma kalmar sirri tana wurin Malam, don sauƙi.

Aka kafa Kwamitin Nazarin Illolin Cire Suna, Malam Dunƙule ne shugaba. A zaman farko kwamiti ya cimma matsaya cewa ba adalci ba ne a taɓa mataki ba a ji ta bakin mai riƙe da shi ba. Aka tura takardar gayyata. Ta shiga wayar Auta. Jikan Inna ya karanta mata, ta ce a gaya musu ba za ta samu zuwa ba.

Ana haka sai abin mamaki ya faru. A gefen zanen akwai babban allo mai nuna tafiyar aiki, wanda tun da aka kafa shi ja yake nunawa. Sai ya fara komawa kore. Aikin da a da yake yin mako a matakin duba, yanzu kwana ɗaya yake yi ya wuce. Babu wanda aka mayar wa komai. Masu rubuta manhaja suka dubi juna, suka dubi kujerar da rigar sanyi ke rataye, suka sunkuyar da kai suka ci gaba da aiki. Wanda aikinsa ke wucewa ba ya yawan tambaya.

Malam Dunƙule ya tara mu gaban allo, ya sa sabuwar riga.

"Jama'a, abin da kuke gani ba sa'a ba ce. Tsari ne ya balaga. Idan aka gina shi daidai, yakan kai matsayin da ba ya bukatar hannun kowa, yana tafiyar da kansa. Kaɗan ne daga cikin masana suka ga wannan da idonsu. Ku kun gani, kuma a zamanina."

Ya ce matakin duba, wanda a da shi ne maƙogwaro, yanzu ya zama abin koyi. Ya sa aka yanko gilashi mai kyau aka rubuta Gwarzuwar Ma'aikaciya aka ajiye a teburin Auta, kusa da kofinta. A shekarun da ta yi tana karanta kowane layi har idonta ya yi ja ba ta taɓa samun ko kati ba. Watannin da ta yi a kabari ne suka cancanci yabo. Da na tuna masa maganar cire suna, sai ya ce yanzu kam ai ba ta taso ba, mai hankali ba ya taɓa wurin da ya fi ko'ina lafiya.

Wayar teburina kuwa ta daina hutawa. Mai shagon takalma ya ce manhaja ta nace yana da buhunan siminti. Mai sayar da yadi ta ce rasit ɗinta na fita da sunan shagon maƙwabcinta, wanda ba sa ga-maciji. Wani dattijo ya ce duk sanda ya danna "ajiye" sai kayan shagonsa su ɓace daga allo, ya tsaya yana duba kanta don ya tabbata suna nan. Na kai wa Malam Dunƙule. Ya saurara da tausayi, ya nuna mini taga. Ya ce waɗannan abubuwa ne da ke faruwa a wajen tsari.

Wata Asabar na je gaishe da Inna da sassafe. Na tarar tana zaune bakin gado tana ninke kayan Auta da ta riga ta ninke. Muna cikin gaisawa wayar ta yi ƙara, domin Malam ya ce tsari ba ya hutun ƙarshen mako. Inna ba ta ko duba ba. Ta ɗauka, muryar ta kai "abokiyar tafiya", ta sa babban yatsa ta danna, ɗakin ya yi tsit.

"Na gano maganinsa, 'yar nan," ta ce. "Idan na taɓa na farkon nan, yakan yi shiru."

Ga tsarin da ya balaga a gabana, da zani da ɗankwali, yana ninke riga. Na rasa ta inda zan fara, amma na gaya mata. Na ce duk sanda ta taɓa na farkon, can a ofis ana rubutawa cewa Auta ta duba aikin ta amince. Na ce simintin mai takalma da rasit ɗin mai yadi, duka a ƙarƙashinsu sunan Auta ne.

Inna ta ajiye rigar a cinyarta. Ta ce Auta tun tana yarinya ba ta taɓa cewa to ga abin da ba ta duba ba, ko miyar uwarta ce sai ta ɗanɗana ta ce gishiri bai ji ba. Ta goge ido da gefen mayafi. Sannan ta tambaye ni, na biyun fa, me yake yi?

"Shi ne yake cewa a sake duba, Inna."

"To ai maganarta ke nan."

Ranar Litinin allo ya wayi gari ja, jan da ba mu taɓa gani ba. Duk abin da aka tura sai ya dawo. Malam Dunƙule bai girgiza ba. Ya ce tsari numfashi yake yi, a baya ya fitar, yanzu ya ja ciki. Washegari ya ce tsari ne ke adawa da ci gabansa, abin da masana suka daɗe suna hasashe. Ya ƙara sababbin kibiyoyi da shuɗiyar maka, wasu har kan silin, yana tsaye a kan tebur. Masu rubuta manhaja, da suka rasa abin yi, suka buɗe ayyukan da aka mayar musu suka sake dubawa. Da yawansu suka sami kurakurai, suka gyara shiru, ba wanda ya gaya wa wani.

Mai kamfani mutum ne da ba ya yawan magana, yakan shigo ya wuce kamar mai haya. Ranar ya tsaya gaban allo ya tambayi wane ne yake mayar da aikin. Mai kula da na'urori ya duba, ya faɗi suna. Mai kamfani ya dubi kujerar, ya dubi gilashin yabo, ya dubi Malam Dunƙule, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce kafin mako ya fita yana son ya ga aiki na tafiya, in ba haka ba zai kira mai fenti ya shafe bangon. Ni kuma na faɗi abin da na gani a ɗakin Inna, tunda yanzu an tambaya.

Da ƙaramin mutum ne ya ji wannan, da ya cire sunan nan take. Malam Dunƙule ba ƙaramin mutum ba ne. Ya yi nazari ya gano cewa lokacin da kamfani ya fi kowane lokaci lafiya shi ne lokacin da Inna ke danna na farko. Saboda haka abin da ya kamata shi ne a mayar da Inna kan na farko. Ya sa aka kwafe masa zanen a babbar takarda, ya naɗe ta a hammata, ya ce in raka shi da safe. Ya taɓa zuwa gidan, amma bai riƙe hanya ba, shi unguwa a dunƙule yake ganin ta.

Inna ta karɓe mu, ta sa aka kawo ruwa. Ya sake zama a kujerar da ta fi kyau, ya warware takardar a ƙasa, ya danne kusurwoyinta da takalmansa. Ya ce yana taya ta murna, domin ba tare da ta sani ba ta zama gaɓa mai muhimmanci a babban jiki. Ya nuna mata inda take a zanen, wato can gefen takarda, kan tabarma. Ya ce kamfani a shirye yake ya naɗa ta Mai Ba da Shawara Daga Waje, za a buga mata kati da hotonta, aikinta kawai ta koma taɓa na farkon nan kamar da. A bakinsa kalmar kawai ba ta kai kowa ƙasa.

Inna tana sauraro, hannuwanta a kan gwiwa. Sai wayar ta yi ƙara.

Ta ɗauka ta sa a fili. Muryar ta cika ɗakin. Malam Dunƙule ya ɗaga mana hannu mu yi shiru, ko da yake ba wanda ke magana. Ya karkata kai, ya lumshe ido, leɓunansa na bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo wurin gaɓar da ta sage, ya gyaɗa kai kaɗan, irin na wanda ya ji an faɗi abu daidai.

Inna ta bari ya gama jin daɗinsa, sannan ta danna na biyu.

"Malam," ta ce, "kullum da safe kana kiran 'yata ka gaya mata ta sage. Na sani. Ni na rufe mata ido. Muddin ka kira, amsar da za ta ba ka ita zan ba ka."

Ya buɗe baki ya ce, Hajiya, idan muka kalli abin a, sai wayar ta sake ƙara. Biyu. Ya nuna wata kibiya da yatsa, wayar ta sake ƙara. Biyu. Aiki da yawa ya kwana a daren, kuma na'urarsa ba ta mantuwa. Inna ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube shi ba. Tana dannawa tana ajiyewa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na ga ya tuna mai fenti.

Ya miƙe ya zaro tasa wayar. Yana tsaye da safa, ba kwamiti, ba nazari, ba jin ta bakin mai riƙe da mataki, ya shigar da kalmar sirri ya taɓa wuri biyu ko uku. Wayar Auta tana tsakiyar "barka da" ta ɗauke. Ruwan da aka zuba masa ko rabi bai sha ba. Ya naɗe takardarsa, ya sa takalmi, ya ce dama yana daga cikin zaɓuɓɓukan da ake dubawa.

Washegari da yamma na biya. Inna ta ce ta farka da wuri kamar yadda ta saba, ta riƙe wayar a hannu tana jira, har rana ta shigo ta taga ba ta yi ƙara ba. Ta ce sai a lokacin ta yi kukan da ba ta samu ta yi ba tun ranar rasuwar. Daga nan ta koma ta yi barci har aka yi ta buga mata ƙofa. Muka kunna ɗaya daga saƙonnin Auta, wanda take yi wa yayanta faɗa a kan ya mayar mata da caja, muka yi dariya, muka sake kunnawa. Na kai wa Inna silifas ɗin da rigar sanyin. Gilashin yabon ta ce in bar musu.

A taron mako Malam Dunƙule ya sanar da cewa bayan dogon nazari a fili da tuntuɓar masu ruwa da tsaki, ya gano wurin da ƙaramin taɓi ke kawo babban canji, kuma ya taɓa shi. Aka tafa. Ya ce sai dai akwati ba ya zama wofi, kibiyoyi suna bukatar masauki. Kafin a sami mai hangen da ya kai, ya ga ya wajaba ya sake sadaukarwa. Ya goge sunan Auta da gefen hannu, ya rubuta nasa, da manyan baƙaƙe, har suka fita daga akwatin.

Na'ura ta yi abin da aka gina ta ta yi. Yanzu kowace safiya wayarsa take kira. Har yau abokiyar tafiya take ce masa, gyara wannan yana gaban kwamiti. Shi ne mutum na farko da ya taɓa ci gaba da sauraro don jin ƙarin bayani a kan matsayinsa a cikin babban zane, kuma bayanin, an ce, yana da tsawo. Yakan saurara har ƙarshe bai danna komai ba, na'ura ta ga ba a danna ba ta sake kira, shi kuma ya sake ɗauka. Aiki ya taru a akwatinsa fiye da yadda ya taɓa taruwa a na Auta.

Jiya mai kamfani ya leƙa ofishinsa ya tambaye shi me ya tsayar da aiki. Malam Dunƙule, da waya a kunne, ya ɗaga masa hannu ya dakata. Ya rufe bakin wayar da tafi, ya raɗa masa cewa babban mutum ne a kan layi.